Akwatin da Ke Kwana a Bas

Duk wanda ya saba shiga bas ɗin ma'aikatarmu daga Nyanya ya san kujerar da ke bayan direba tana da mai ita, ko da ya tarar babu kowa a kai. Kujerar Mama Christina ce. A ƙarƙashinta akwai akwatin ƙarfe shuɗi, irin wanda 'yan makarantar kwana suke tafiya da shi, cike da littattafai. Ranar da na fara shiga bas ɗin, shekara shida da suka wuce, a nan na zauna don ban sani ba. Sai ga wata gajeriyar mata da tabarau rataye a wuya ta tsaya a kaina tana duba na sama da ƙasa. Har na buɗe baki zan ce mata ba a rubuta sunan kowa a kujera ba, don ni Kauthar ba a san ni da haɗiye magana ba, sai ta riga ni.

"Ke sabuwa ce. Wane littafi kika karanta na ƙarshe?"

Na ce tun da na bar jami'a ban sake buɗe littafi ba in ba na aiki ba. Ta girgiza kai kamar na ce mata shekara uku rabona da wanka. Ta sunkuya ta jawo akwatin ta tsakanin ƙafafuna, ta lalubo wani siririn littafi ta ɗora mini a cinya. "Labarin wata mata ne mai saurin fushi irinki. Matsa ciki, wuri zai ishe mu." Ban gaya mata ina da saurin fushi ba, a fuskata ta gani. Kafin mu kai shataletalen AYA na ci shafi talatin, kuma na manta da cewa na yi niyyar faɗa.

A Kafanchan aka haife ta. Mahaifinta ma'aikacin reluwe ne mai share taragu, kuma duk abin karatun da fasinja ya manta ba a zo nema ba, jarida ce ko mujalla ko littafin da bangonsa ya cire, gida yake kawowa. Da su ta koyi karatun Hausa da na Turanci. Takan ce rabin abin da ta karanta tana yarinya ba shi da farko ko ba shi da ƙarshe, shi ya sa har yau ba ta yafe wa wanda ya yaga shafi. Ta fara aikin gwamnati a Kaduna tana buga tafireta, aka dawo da ita Abuja tun Nyanya tana ƙaramar unguwar ma'aikata. Daga tafireta aka kai ta rajista, wato ɗakin da ake ajiye fayil-fayil, ta zauna a nan har ta zama shugabar ɗakin. A Nyanya ta haɗu da Michael, kafinta a kasuwar kujeru ta Kugbo, suka yi aure suka haifi 'ya'ya uku. Ni ban riske shi ba, ya rasu shekara guda kafin in zo.

A ofis abu ɗaya aka fi saninta da shi: ba ta mayar da kwanan wata baya. In takarda ta iso ranar Laraba, hatimin Laraba za ta sha, ko wane ne ya aiko ta. An taɓa yin wani darakta da ya sauko da kansa har rajista da wata wasiƙa, yana son a buga mata kwanan watan makon jiya don ya rufe wani sakacinsa. Mama ta gaishe shi da ladabi, ta jefa hatimin a jakarta, ta ce za ta je cin abinci. Ya jira har ya gaji ya koma sama. Ana cewa abin ya ja mata jinkirin ƙarin girma na shekara biyu. In ka tambaye ta sai ta ce shinkafar da ta ci ran nan ta fi ta kullum daɗi.

Cunkoson hanya ne ya haifi akwatin. Daga Nyanya zuwa sakatariya tafiyar minti ashirin ce in hanya a buɗe take, amma ban taɓa ganinta a buɗe ba sai ranar hutu. Awa biyu da safe, awa biyu da yamma, mutum ashirin da wani abu a cikin bas suna kallon bayan motar gabansu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Mama ta gaji da sauraron gulmar ƙarin girma, ta ɗebo littattafai goma sha biyu daga gida. Da suka yi yawa, Michael ya samo mata akwati ya gyara masa murfi. Lokacin da nake ba ku labari sun kai ɗari da tamanin da biyu, na Hausa da na Turanci, kusan kashi ɗaya cikin uku kullum suna hannun mutane.

Kuma da yake hannunta ya saba da rajista, yadda take tafiyar da fayil haka take tafiyar da littafi. Kowanne ta yi masa riga da tsohon bangon fayil, ta rubuta masa lamba, har muka daina kiransu da sunayensu, sai dai a ce lamba kaza, ko a ce na likitan ƙauye, ko na mai sayar da gishiri. A cikin bangon baya ta manna takardar da muke kira minit a ofis, wadda kowane jami'i yake rubuta ra'ayinsa a kai kafin fayil ya wuce gaba. In ka gama littafi, za ka sa sunanka, da ranar da ka gama, da layi biyu ko uku na abin da ka gani. Daga nan ita za ta rubuta wanda zai je wa. A cikin murfin akwatin akwai jerin sunayen masu karɓa, an jera su yadda ake jerawa a ofis, daga mataimakin darakta har zuwa masinja. Ba a naɗe shafi, ba a cin gyaɗa a kan littafi, kuma duk wanda ya faɗi ƙarshen labari a cikin bas zai yi wata guda bai ga akwatin ba.

Abin da take taƙama da shi shi ne ba ta taɓa ba mutum littafi ya dawo da shi bai gama ba. Ba cika baki take ba, na gwada ta. Takan ce littafi mai kyau daban, littafin da ya dace da mutum a wannan makon daban, kuma aikinta na biyun ne. Wanda matarsa ta haihu ba za a ba shi mai shafi ɗari biyar ba. Wanda ya faɗi jarrabawar ƙarin girma ba za a ba shi labarin wanda ya yi nasara ba, sai ya huce.

Yammacin Juma'a ne ranar bayani. Da zarar bas ya bar sakatariya sai ta ɗora tabarau a hanci ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Malam Maitama, ɗari da huɗu yana hannunka kwana tara. Report."

Malam Maitama jami'in ƙididdiga ne, dogon mutum mai son gardama, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya nemi hujja. Ya gyara hula ya ce, "Mama, wannan littafin 'yan sanda babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Na bi shi da fensir. Mutumin ya san aikinsa."

Daga baya Glory, sakatariyar sashenmu, ta ce, "Ni dai ban ga komai a ciki ba, Oga. Mutum uku sun mutu, ko ɗaya babu wanda ya yi kuka. Ku ba ni na mai sayar da gishiri, wannan matar ta sa na ƙona miya."

"Ke ai in ba a yi aure a shafin ƙarshe ba, a wurinki ba a rubuta littafi ba."

"Akwai laifi? Kai in ba a kashe mutum ba, ba ka jin daɗi."

Haka za a yi ta yi har Kugbo, wani ya yaba, wani ya kushe, wani ya roƙi a sa shi a layi. Na ga mutanen da ba sa gaisawa a ofis saboda ɗaya ya girmi ɗaya da mataki biyu sun haɗa kai a kan wata tsohuwa da ke cikin labari. Na ga masinja ya ƙaryata mataimakin darakta a kan ma'anar wani babi, kuma mataimakin daraktan ya ce ya yarda. Ina son waɗannan awanni biyu fiye da yadda nake son faɗa a gaban mutane. Duk wannan lokaci Oga Thaddeus, direbanmu, hannunsa yana kan sitiyari, ba ya cewa uffan sai in ɗan acaba ya gitta masa.

A farkon wannan shekarar takardar ritayarta ta fito. Ta cika shekara talatin da biyar tana aiki, ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Maris za ta sauka. Za ta koma Karshi, gidan da Michael ya fara ginawa ita ta ƙarasa, kuma wanda ya yi ritaya ba ya shiga bas ɗin ma'aikata. Ita ta fara tayar da maganar da kowa yake gudu.

"Akwatin nan ba zai zauna babu mai shi ba. In na bar shi haka, wata uku kowa ya ɗauki wanda yake so ya kai gida, sauran a riƙa ɗora ƙafa a kai. In na samu wanda ya iya haɗa littafi da mutum, zan bar masa. In ban samu ba, da ni da shi sai Karshi."

Wanda ya san Mama ya san ba barazana take ba. Ni kuwa ko a jikina, don na riga na naɗa kaina magajiya. Wa ya fi ni karatu a bas ɗin? A shekara shida na karanta ɗari da arba'in. Da ta ce in taya ta ƙirga littattafan don ta rubuta takardar miƙa aiki, sai na ɗauka ai magana ta ƙare, sanarwa kawai ta rage.

Wata ranar Talata da azahar muka sauko wurin ajiye motoci, Oga Thaddeus ya buɗe mana bas ya koma gindin bishiya. Ina ɗagowa ina kiran lamba, tana duba jerinta. A can ƙasan akwatin na ci karo da lamba sittin da uku, wanda ban taɓa gani ba. Takardar minit ɗinsa fara fat, ko suna ɗaya babu. A tsakiyarsa akwai katin asibiti da ya fara yin ja don tsufa, da sunan Michael a jiki.

Na ce, "Mama, wannan fa? Ba a taɓa ba kowa ba."

"Mayar da shi inda kika gan shi."

Muryar da ta yi magana da ita ba ta bar wurin tambaya ba, sai na mayar. Daga baya Glory ta gaya mini abin da tsofaffin bas suka sani. Michael ne ya saya mata shi. Labarin wani mai fito da mutane a kwalekwale ne da matarsa. Tana karanta shi a gefen gadonsa a asibiti, ta kai inda aka kwantar da mai kwalekwalen cikin labarin, a makon nan Michael ya cika. Tun daga ranar ba ta wuce wannan shafin ba, kuma ba ta ba kowa ba, don dokarta ce ba ta ba da littafin da ita ba ta gama ba.

Saura Juma'a biyu ta sauka ta ce ranar gwaji ta zo. Mu biyu muka fito nema, ni da Malam Maitama. Bas yana barin AYA ta ce kowannenmu ya zaɓa wa mutum uku littafi: Glory, da masinjanmu, da ita kanta.

Malam Maitama ya zaɓa wa Glory tarihin gina layin dogo, ya ce lokaci ya yi da za ta karanta abu mai amfani. Bas ya kwashe da dariya, Mama ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ni na ba Glory labarin wasu 'yan'uwa mata biyu da suka rabu suka sake haɗuwa, don na san ƙanwarta ta yi fushi da ita tun Kirsimeti. Mama ta gyaɗa kai. Na ba masinja wani gajere mai ban dariya, don yana jinyar mahaifiyarsa. Ta sake gyaɗa kai. Kaina ya kumbura har na fara tunanin wane irin biro zan riƙa sa hannu da shi.

"Saura ni," in ji ta.

A nan na tsaya. Shekara shida ina zaune kusa da matar nan, ban taɓa tunanin ita ma ana iya ba ta littafi ba. Na laluba na ce lamba tara, mafi kauri a akwatin.

"Sau uku na karanta. Kin ba ni shi ne don yana da nauyi, kina son ki burge ni."

Na ce tamanin da takwas. Ta ce ai ita ta ba ni shi bara. Raina ya fara ɓaci, na ce ai wannan ba adalci ba ne, duk abin da ke cikin akwatin ta karanta, me kuma za a zaɓa mata? Ta cire tabarau ta sake shi a wuya. Lokacin mun tsaya cik a gangaren Kugbo, ga kujeru da gadaje an jera a bakin hanya. Ta dube su ta taga, ta ce babu komai, mun yi ƙoƙari, ranar Asabar ɗanta zai zo da mota ya ɗauki akwatin.

"Sittin da uku."

Daga gaba maganar ta fito. Oga Thaddeus bai juyo ba, idonsa yana kan tankar da ke gabanmu.

Mama ta ce, "Me ka ce?"

"Sittin da uku, Ma. Shi ne naki. Shi kaɗai ba ki gama ba."

Na ɗauka za ta tashi da faɗa. Amma sai ta tambaye shi a hankali yadda aka yi ya sani.

"Kati yana shafi ɗari da arba'in tun shekara bakwai, bai matsa ba. Da na karanta na riƙe shi a hannu, na gama na mayar da shi wurinsa."

"Ka karanta?"

"Sorry, Ma. Ke kika ba ni makulli ranar farko, kika ce in kula da akwati tunda a mota yake kwana. Ni kuma in na sauke ku ƙarfe takwas, ba ni da aiki sai ƙarfe huɗu. Ina wanke hannu kafin in taɓa."

Mama ta mayar da tabarau. Na san wannan fuskar, da ita take tarar fayil ɗin da aka ce ya ɓace. "Goma sha tara," in ji ta.

"Na likitan ƙauye. Farkon yana da kyau, amma mai rubutun ya gaji a tsakiya."

Wannan littafin Mama take ji da shi fiye da kowanne, ba a taɓa kushe shi a gabanta ba. Ta haɗiye. "Arba'in da biyu."

"Mai sayar da gishiri. Na ba matata labarin, ta ce matar ta yi daidai da ta ƙi komawa."

"Ɗari da huɗu."

"Na 'yan sanda. Tun shafi na hamsin na gane mai laifin. Ya ce ya tashi Lokoja ya kai Abaji a minti ashirin. Babu direban da zai yi wannan, ko jirgi yake ja."

Kowa ya juya ya dubi Malam Maitama, mai bin littafi da fensir. Ya cire hula ya leƙa cikinta ya mayar. Mama ta kira lambobi har guda goma sha biyar, Oga Thaddeus yana amsawa yana sa giya, har da inda ya saɓa da ita. Daga ƙarshe ta tambayi abin da duk muke son tambaya: me ya sa bai taɓa rubuta komai a takardar minit ba, bai kuma taɓa sa baki ranar Juma'a ba?

"Sunana ba ya cikin list, Ma. Fayil ba ya zuwa wurin direba."

Bai faɗe shi da ɗaci ba, yadda ake faɗin yau Juma'a haka ya faɗa. Kuma gaskiya ya faɗa. Ta jera sunayen nan ne yadda ake rarraba takarda a ofis, direbobi kuwa sashensu daban, fayil ɗinsu ma ba a ɗakinta yake ba. Ita ba ta tuna da shi ba, mu ashirin da wani abu ba mu tuna ba. Shekara goma sha ɗaya ƙeyarsa tana gaban hancinta. Ni da nake ganin na fi kowa karatu, kunya ta rufe ni, don ko sau ɗaya ban taɓa tunanin yana jin abin da muke faɗa ba.

Mama ba mai ɓoye kuskure ba ce. Ta ce, yadda na can baya ma za su ji, "Ina taƙama na san kowa a motar nan. Ban san ka ba. Laifina ne, ka yi haƙuri." Sannan muryarta ta yi ƙasa. "Mai kwalekwalen nan... yana tashi?"

"Dokarki ce, Ma. Ba zan faɗi ƙarshe ba, kar ki hana ni akwati wata guda." Ya ɗaga ido ya dube ta ta madubi. "Amma shekara goma sha ɗaya ina ganin ki ta nan. Za ki iya."

Da muka iso Nyanya ta buɗe akwatin da kanta, ta tono har ƙasa, ta sa lamba sittin da uku a jaka. Ranar Asabar ɗanta bai zo ba.

Makon da ya biyo baya ba ta ce komai a kai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ni dai na yi kwana biyu ina cika ina batsewa, don ba na son a kayar da ni, balle a gaban Malam Maitama. Ranar Laraba na sauko da azahar na sami Oga Thaddeus a gindin bishiya, na ce to shi da ya san komai, wanne ya kamata in karanta? Ya ce lamba saba'in, wanda na ɗauka sau biyu ina mayarwa don bangonsa bai yi mini ba. Ya ce in daure zuwa babi na uku. Na ɗauka don in ƙaryata shi, na gama a kwana biyu, kuma har yanzu ina jin haushin yadda ya yi daidai.

Juma'ar ƙarshe aka yi mata walima a ofis, aka ba ta agogon bango da atamfa, darakta ya yi jawabi ya kira ta da sunan da ba nata ba. Ba ta damu ba. Da yamma ta shigo bas da ankon cocinsu, ta zauna a kujerarta, ta ɗora tabarau ta juyo.

"Yau ni ce da report. Sittin da uku. Na gama ranar Laraba." Ta ɗaga littafin, babu kati a ciki. "Labarin mace ne da ta ɗauka in ta daina juya shafi, abin da take tsoro zai tsaya ya jira ta. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma Michael ya iya zaɓen littafi, kuma na yi shekara bakwai ina hana ku abu mai kyau. Ƙarshen kuwa, kowa ya karanta da kansa."

Ba a yi gardama ran nan ba, ko Malam Maitama tafi kawai ya yi. Da muka iso tashar Nyanya ta ce kada kowa ya sauka. Oga Thaddeus ya kashe mota. Ta buɗe bangon baya, ta sa sunanta a layin farko da kwanan watan Laraba, sannan ta tsaya da biro a sama.

"Thaddeus wa?"

"Yamusa, Ma."

Ta rubuta shi cikakke, ta buɗe murfin akwatin ta sake rubuta shi a saman jerin, sama da mataimakin darakta. Ta cire makullinta daga zoben makullai ta haɗa da littafin ta miƙa masa.

"Ai na riga na karanta, Ma."

"Na sani. Rubuta."

Ya goge hannu a tsumma, ya buɗe aljihun gaban mota ya ciro wani tsohon littafin shigar da tafiye-tafiyen mota. A bayansa ya jera lambobi da kwanan wata da rubutu ƙanana, shafi bayan shafi. Ya bi da yatsa har ya sami sittin da uku, ya ɗora littafin a kan sitiyari ya yi rubutu a hankali, ya miƙo mata. Ina kusa da ita, na leƙa. Layi biyu ya rubuta, cewa littafi ne na wanda ya yi rashi, amma kada a ba shi sai ya nema da kansa. A gefe ya sa ranar da ya gama shi, watan Yuni na shekara biyar da suka wuce.

Na dubi Glory, Glory ta dubi Malam Maitama. Duk mun san labarin darakta da hatimi. Ga kwanan wata ya koma baya shekara biyar, a ƙarƙashin na Laraba, a takardar Mama Christina, a ranarta ta ƙarshe.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa hannu a gefen, yadda take yi wa takardar da ta tabbatar.

"Wannan ba mayar da kwanan wata baya ba ne," in ji ta. "Ranar da ya karanta ke nan. Rajista ce ta makara." Ta rataya jakarta ta miƙe, ta ƙwanƙwasa murfin akwatin da biro. "Saura ɗari da tamanin da ɗaya, Malam Yamusa. Kowanne da ranarsa."

Ta sauka ta shiga cikin jama'ar tasha da agogon bangonta a hammata, ba ta waiwayo ba. Oga Thaddeus ya jawo akwatin kusa da kujerarsa, ya ɗauko lamba ɗaya.